Randunan Ƙofar Arewa

A can zamanin da ya shuɗe, tun ayarin gishiri na ratsa hamada, an yi wani sarki ana kiransa Jatau, birninsa na bakin rairayi. Wata shekara ƙishirwa ta shigo birnin nan, irin wadda ba a taɓa gani ba. Ba fari aka yi ba, rijiyoyi cike suke. Sai dai mutum ya kafa kai ya shanye ƙwarya guda, ya ajiye, ya ji maƙogwaronsa kamar bai ga ruwa ba. Sarki kansa leɓensa ya tsage, har magana ta fara yi masa wuya a fada.

Mutane kuwa in abu ya dame su ba su rasa wanda za su ɗora wa. Suka ɗora wa wata tsohuwa mai suna Ladingo, mai cika randunan Ƙofar Arewa. Al'adar ƙasar ce, duk wanda ya mutu a hamada bai sami kabari ba, a girka masa randa a gindin ganuwa, a riƙa cika ta sadaka don matafiya. Randuna ashirin da huɗu ne a wurin, na mutanen ayarin Madugu Cindo da ƙishirwa ta kashe shekarun baya, ɗanta Nomau na cikinsu. Kullum da safe takan cika su, kafin azahar sun bushe ƙaf, alhali matafiya sun daɗe da ƙaurace wa ƙofar don tsoro. Aka ce mayya ce, ita ke tsotse ruwan jikin mutane. Sarki ya sa aka tsare ta, ya yanke cewa ranar Juma'a za a fitar da ita hamada ba salka ba guzuri, sai fa in Waziri ya kawo wani dalilin.

Waziri Tanimu ba jarumi ba ne, shi ma bai taɓa cewa shi jarumi ne ba. Rawanin ya gada daga mahaifinsa, Waziri Inuwa, gwanin hisabi wanda har bayan ransa ake kafa hujja da maganarsa. Waziri Inuwa ne ma ya lissafa matattun ayarin ya ce ashirin da huɗu ne. Tanimu dai tausayin tsohuwar ya hana shi sakat. Ya sa aka cika randunan da safe, ya share rairayin wurin da hannunsa, ya koma inuwar ƙofa ya zauna.

Da rana ta take tsaka, iska ta ɗauke. Sai ya ji moɗa ta bugi bakin randa, ya ji maƙwat-maƙwat na haɗiyar ruwa, ya duba bai ga kowa ba. Sawun ƙafa ya fara bayyana a rairayi, tsagaggun dugadugai na mutanen da suka sha tafiya, suna turereniya a bakin kowace randa. Ya so ya gudu, amma ya daure. Da ya tilasta wa idonsa ya duba da kyau, sai ya ga wasu sawun can gefe, a jere, suna jira. Suna nan har ruwa ya ƙare, sa'an nan suka juya suka nufi cikin birni. Na ƙarshensu ya daɗe tsaye kafin ya bi sauran, kuma shi ne ya fi ba Waziri tausayi.

Daga nan gidan Sarkin Dogarai ya wuce, inda aka tsare Ladingo. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta ko tana nan ranar da ragowar ayarin suka iso. Ta ce tana nan, ita ce ma ta ɗiga wa Madugu Cindo ruwa a baki kafin ya cika. Masu tsaron ƙofa sun ƙirga waɗanda suka shigo da rai, mutum sittin, baƙi ne daga ƙasashe dabam-dabam da suka haɗu a hanya, ba wanda ya san yawan ayarin sai madugu. Madugu kuwa a al'adarsu ba ya faɗin adadin mutanensa, don gudun baki, ko da kuwa yana gargara.

“To Iya, me ya faɗa da aka tambaye shi?”

“Ranka ya daɗe, cewa ya yi, in an kasa mu biyar, kashi uku ne muka iso. Bai ƙara ba.”

Waziri ya fita yana juya maganar. Ya bi sawun mahaifinsa a lissafi: kashi uku sun iso, kashi biyu sun halaka, a kasa sittin biyar, a ɗauki biyu, ashirin da huɗu. Nan ya tsaya cik a tsakiyar hanya. Ai sittin ba su ne ayarin ba, ragowarsa ne. Mahaifinsa ya kasa masu rai ya ciro matattu daga cikinsu. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki, domin yana ƙaunar tsohon nan, kuma ya san a fada ba wanda zai saurari mai cewa Waziri Inuwa ya yi kuskure, balle ɗansa da ake wa kallon cikon rawani.

Saboda haka ranar Juma'a da hantsi, da fada ta cika, bai ambaci randa ba. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya zube dabino a kan buzu.

“Allah ya ba ka nasara, wata 'yar matsala ce ta ɗaure mini kai. An aiko ni da kwandon dabino, ɓeraye suka shiga, kashi uku cikin biyar ya rage, ga shi guda sittin. Nawa ne a kwandon tun farko?”

Fadawa suka yi gunaguni, ana batun rai Waziri na batun ɓera. Amma Sarki Jatau mai son irin wannan wasa ne. Ya sa hannu ya kasa dabinon uku, ashirin-ashirin, ya ce da dasasshiyar murya, in kashi uku sittin ne, biyar ɗari ne, ɓeraye sun ci arba'in. Waziri ya ce haka yake, kuma malaman hisabi suna da gajeriyar hanya: duk adadin da kashi ya rage shi, a kife kashin, na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya hau sama. Uku bisa biyar ya zama biyar bisa uku. Sittin sau biyar ɗari uku, a raba uku, ɗari. Ya ce dalilin kuwa shi ne, uku bisa biyar in aka buga shi da biyar bisa uku ɗaya yake bayarwa, wato abu ya koma cikakke yadda yake kafin a taɓa shi. Sarki ya tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce mahaifinsa.

Sa'an nan ya warware rawaninsa, ya ajiye kusa da dabinon.

“Ranka ya daɗe, ba dabino ba ne, ayarin Madugu Cindo ne. Ɗari suka tashi, sittin suka iso, arba'in suka kwanta a hamada. Randa ashirin da huɗu muka girka. Mutum goma sha shida suna zuwa kullum suna komawa ba su sha ba, ƙishirwarsu ce ta shigo mana gari. Mahaifina ya san hanyar nan, ranar ce dai ya manta bai kife ba. In akwai mai laifi, a gidanmu yake.”

Sarki ya daɗe yana kallon dabinon da ya kasa uku da hannunsa. Daga bisani ya ce Waziri ya mai da rawaninsa, a saki tsohuwa, a tara duk randunan da ke hannun maginan tukwane kafin rana ta take.

Aka girka goma sha shida a jere da na da, aka cika duka arba'in, mutanen birni suka tsaya daga nesa, Sarki a gabansu. Iska ta ɗauke kamar kullum. Aka ji moɗa, aka ga sawu, amma yau ba turereniya, kowane ya nufi randa guda. Da suka gama, suka juya arewa, hanyar hamada. Wani bafade ya ɗebi ruwa ya miƙa wa Sarki, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya yi hamdala. Tun daga ranar ruwa ya koma kashe ƙishirwa a birnin.

Waziri ya waiwaya yana neman Ladingo don ya roƙe ta gafara, sai ya hango ta can ƙarshen layi, zaune a gindin randa ta arba'in, tana shafa sawun da ke gabanta. Ya durƙusa kusa da ita, ya tambaye ta yadda ta san wannan ce ta ɗanta.

“Ranka ya daɗe, Nomau tun yana yaro ba ya rige-rigen ƙwarya. In ruwa bai isa ba, shi ne mai haƙura. Duk shekarun nan ina cika randuna, na san bai sha ba.”

Ta leƙa cikin randar, ta ga an sha rabi an bar rabi. Ta ce haka yake yi, kullum sai ya rage wa na baya. Ta ɗauki tulunta ta cika masa.