Yelwa da Mai Rafin Mantuwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, ku matso, ku bar tsokanar juna. Wannan daga nesa ta fito.

An yi wani bafatake ana ce masa Ɗan'azumi. Da matarsa Tabawa ta rasu, zaman gari ya gagare shi, sai ya kwashi 'ya'yansa biyu, Nomau da ƙanwarsa Yelwa, ya bi ayari arewa. Suka ƙetare hamada. Suka kai bakin teku. Suka shiga jirgin ruwa, suka sauka a wani tsibiri na Yunanawa. Shekara biyu da saukarsu shi ma ya ce ga garinku nan. Ya bar Nomau yana da shekara goma sha bakwai, Yelwa goma sha huɗu.

Yunanawan wancan zamani allolinsu da yawa ne. Na teku daban, na iska daban, babbansu kuwa Mai Aradu yana zaune bisa wani dogon dutse. A ƙarƙashin ƙasa akwai garin matattu, a ƙofarsa akwai Rafin Mantuwa. Mai Rafi shi ke shayar da matattu don su manta duniya.

To, Mai Rafi yana da damuwa. Ruwan nan ba ya zama a mazubi. Ya zuba a tulu, tulu ya manta shi tulu ne, ya tsage. Ya zuba a tukunyar tagulla, ta manta, ta narke. Ya zuba a akushi, ya manta, ya koma gari. Ana nan sai ya ji labarin Nomau. Nomau baduku ne, yana ɗinka salka, wato jakar ruwa ta fatar akuya. Da bagaruwar gida yake jeme fatarsa, kuma fatar da ta sha bagaruwa ba ta mantuwa.

Ran nan da hantsi Nomau na ɗinki a gindin zaitun. Yelwa ta dawo daga rijiya da tulu a ka. Tana gani ƙasa ta dare, ta haɗiye yayanta da fatunsa da basillarsa, ta rufe. Takalminsa ƙafa ɗaya ya rage.

Ta yar da tulu. Ta tona ƙasa da hannu. Ta tona, ta tona, ta tona, har farcenta ya yi jini.

Sai wata murya daga bisa ta ce, "'Yar nan, ba ta nan ake shiga ba."

Ta ɗaga kai, sai ga mujiya. Ta harare ta, don a gida mujiya ba abin arziki ba ce.

Mujiya ta ce, "Daina hararata. A garinku ake jifana, a nan har hotona suke zanawa a jikin tulu. Mai Rafi ne ya ɗauki yayanki. Salka uku zai ɗinka masa, kowace rana ɗaya. In ya gama kowace, a ba shi kurɓi ɗaya na ruwan rafin. Kowane kurɓi yana ɗauke abin da ya fi cika zuciyar mutum a lokacin da ya sha. In ya yi uku, ya zama fanko, ba shi ba fitowa."

Yelwa ta ce, "Baba Mujiya, ina hanya?"

"Yanzu na zama baba? Kogon da ke bayan tsibiri. Tafiyar kwana biyu da rabi ce. Amma ji dokar Mai Aradu a kan baƙo, don har a ƙarƙashin ƙasa tana ci. Maigida zai miƙo miki ƙoƙo. In ya miƙa sau uku ba ki sha ba, kin tashi daga baƙuwa kin koma ɓarauniya, sai ya sakar miki kare. Ke kuma kina da roƙo ɗaya da ba ya iya ƙi, in ya ƙi aradu ta raba shi biyu. Sai dai ba a roƙon abin da za a fita da shi daga gidan."

"Ko da ɗan'uwana ne?"

"Ko da uwarki ce."

Yelwa ta ɗauki takalmin, ta soke a zane, ta kama hanya.

Ta yi tafiya, ta yi tafiya. Rana ta faɗi, ta ce a ranta, salka ɗaya ta tafi. Ta shiga kogo, ta yi ta gangara, ba ta zauna ba. Wata rana ta wuce, ta ce, biyu sun tafi. A rana ta uku ta ji gurnani, gurnanin kuma daga baki uku yake fitowa.

Kare ne, girmansa ya kai ɗaki. Jiki ɗaya, kai uku.

Kan dama ya ce, "Nama!"

Kan hagu ya ce, "Mai ɗumi!"

Kan tsakiya ya ce, "Na riga ku gani!"

Yelwa ta durƙusa har ƙasa. Ta ce, "Ranku ya daɗe, ni baƙuwa ce. A garinmu babba ake fara gaisarwa, kuma in abinci ya zo shi ke fara sa hannu. Wane ne babba a cikinku, kada in yi rashin kunya?"

Kan tsakiya ya ce, "Makauniya ce ke? Ba ki ga inda nake ba?"

Kan dama ya ce, "Kai ɗin? Da aka haife mu ni na fara fitowa."

Kan hagu ya ce, "Ƙarya kake, mai warin baki! Ni na fara buɗe ido!"

Dama ya ciji tsakiya. Tsakiya ya ciji hagu. Hagu ya rasa wanda zai ciza, ya ciji ƙafarsu duka. Yelwa ta raɓa ta jikin bango ta wuce.

Sai ga rafi, baƙi ƙirin, yana tafiya ba ya ƙara. A bakinsa ga zaure. A rataye ga salka biyu cike da ruwa. A ƙasa ga Nomau zaune, salka ta uku a cinyarsa, saura ɗinki kamar tsawon yatsa.

Ta ce, "Yaya!"

Ya ɗago. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Ya ce, "Yelwa. Ke ce kika rage mini. Tun safe nake ɗinka wannan bakin ina warwarewa, amma Mai Rafi ya gane. Ya ce in na sake warwarewa zai ɗura mini da ƙarfi."

Sai ga Mai Rafi ya fito. Dogo ne, fari fat kamar toka, idanunsa ba sa ƙiftawa. Ƙoƙo na hannunsa, an yi shi da guntun fatar da Nomau ya jeme.

Ya ce, "Baƙuwa, sannu da zuwa. Kin sha hanya. Ga ruwa."

Ya miƙa. Ɗaya ke nan.

Yelwa ta durƙusa, ta ɓoye hannuwanta a zane. Ta ce, "Ranka ya daɗe, bari mu gaisa tukuna. Ina wuni? Ina gajiya? Ina gida? Yaya aiki? Yaya badukun naka, yana dai yi maka aiki mai kyau?"

Mai Rafi ya dubi salkunansa. Ya ce, "Shekara dubu ina ɗibar ruwa da tafin hannu. Dubi ɗinkin nan. Ko ɗigo. Ba a taɓa yin baduku irinsa ba, kuma nawa ne. Sha ruwa."

Ya miƙa. Biyu ke nan.

Basillar Nomau ta shiga, ta fita. Saura ɗinki uku. Can baya gurnani ya canza. Kawunan sun daina faɗa, sun gane an yi musu wayo.

Yelwa ta ce, "Naka ne, ranka ya daɗe? Ai ni na zo in tafi da shi ne. Yau ɗin nan. Na wuce karenka kamar ɗan kwikwiyo, kai ma zan wuce ka. Gobe war haka kana ɗiba da tafin hannu."

Nomau ya ce, "Ke Yelwa, rufe bakinki!"

Fuskar Mai Rafi ta yi baƙi. Rafin ya kumbura har bakin zaure. Ya ce, "Ke? Ke da wa? 'Yar mitsitsiya, ke da yayanki a nan za ku dawwama. Shi ya yi ɗinki, ke ki yi jima, har duwatsu su tsufa. Sha!"

Ya miƙa. Uku ke nan. Numfashin kare ya iso ƙeyarta, ɗumi uku.

Ta sa hannu biyu ta karɓi ƙoƙon. Ruwan ya yi sanyi har ƙashi. Ta kai shi kusa da baki, sai ta tsaya.

Ta ce, "Zan sha. Amma ga roƙona ɗaya. A gidanmu wanda ya kawo wa baƙo ruwa shi ke fara kurɓa, don baƙo ya sha da kwanciyar rai. Maigida, fara."



Mai Rafi ya ce, "Ba al'adarmu ba ce."

"Roƙona ne. Ban roƙi abin fita da shi ba."

"Roƙi wani abu. Roƙi zinariya. Roƙi ki ga ubanki, yana can ƙetare."

Hawaye ya zubo wa Yelwa, don tana son ganin ubanta. Ta ce, "Maigida, fara."

Can bisa, ta cikin ƙasa bakwai, aka ji rugugi. Aka sake ji, ya matso. Na uku ya girgiza zaure, ƙasa ta zubo daga rufi.

Mai Rafi ya fizge ƙoƙon. Ya nemi ya sa wani abu daban a ransa, ya tuna rafinsa, ya tuna matattunsa, amma ina! Zuciyarsa cike take da yarinyar nan marar kunya da yayanta baduku. Ya kurɓa.

Ya ƙifta ido, karo na farko.

Ya dubi ƙoƙo. Ya dubi Nomau. Ya dubi Yelwa. Ya ce, "Kai, ku su wane ne? Masu rai a zaurena? Wa ya bar ku kuka shigo? Kai kare, kawunan banza, abin da ake ajiye ka ke nan? Fitar mini da su, kada haƙorinka ya taɓa su, ba na son jini a ƙofata!"

Yelwa ta ja hannun yayanta. Basilla ta faɗi, saura ɗinki ɗaya. Suka yi gudu, suka yi hawa, suka yi rarrafe. Nomau bai san hanya ba, don kurɓin farko ya ɗauke masa hanyar gida. Ita ta ja shi har suka ga rana.

A bakin kogo ta ciro takalminsa ta sa masa. Ta yi dariya, ta yi kuka. Ta ce, "Yaya, da Inna na da rai, yau da ta dama mana fura."

Nomau ya ce, "Wace Inna?"

Ashe da zai yi kurɓi na biyu, uwarsu yake tunani.

Yelwa ta zaunar da shi a kan dutse. Ta ce, "Sunanta Tabawa. Tana da wushirya. Akwai tabon ƙuna a wuyan hannunta na hagu, ta same shi ne ran da ka jawo tukunya kana rarrafe, ta tare da hannu."

Ya ce, "Ƙara faɗa mini."

Ta ƙara. Washegari ta ƙara. Har suka tsufa a tsibirin nan, yana ɗinki a gindin zaitun tana ba shi labarin uwarsa. Bai taɓa tuna ta ba, amma ya haddace ta tun daga wushirya har tabo, kuma ya sa wa 'yarsa ta fari sunanta.

Ƙurunƙus, na ajiye ta a kan ɗan ɓera. Abin da za ku riƙe shi ne, ladabin da aka koya muku a gida ku tafi da shi duk inda kuka je, don wata rana shi zai fisshe ku. In kuma ɗan'uwanku ya manta da nasa, ku da kuke tune ku zauna ku faɗa masa, kada ku gaji. Ku tashi haka nan.