Wa Za a Aika Gasar Zambo?

An ce a garin Rafin Ɗinya an yi wani Sarkin Maroƙa, Barmo, wanda yake da tunku mai magana. Maroƙan ƙetaren rafi suka kira shi gasar zambo: wanda ya fara fushi, mutanensa su bar roƙo a kasuwa. Barmo ya ce Jatau zai aika, matashi mai baki kamar aska, tsoho Mati kuwa ya huta.

Tunku ya ce, "Ranka ya daɗe, macizai ne abincina, na san jininsu. Na ƙarami tsararo ne, na babba da kauri. Ka ji labarin 'yar kububuwa?"

"Faɗi mu sha."

Tunku ya ce, "Wata 'yar kububuwa ta kashe ɓera da sara guda, sai ta fara hura hanci. Ta ce wa kakarta, 'Kaka, tsufa ya shanye dafinki, ki bar min ramin nan.' Kaka ta ce, 'Zauna tukuna ki ji labarin Gajere.

"'Gajere ɗan maciji ne da dafinsa ya gagari sa'o'insa. Ya kira kawunsa kokawa. Suka nannaɗe, ya sari kawu, kawu ya yi hamma. Ya sake kai sara a fusace, ashe tasa wutsiyar ya kama. Ya kumbura kamar gora, kawun ne ma ya yi jinyarsa. 'Yar nan, dafi da shi ake haihuwarmu, amma makarinsa a jini yake taruwa, shekara bayan shekara.'

"Ranka ya daɗe, Jatau ya iya sara. Ya iya shan sara?"

Tsoro ya kama Barmo, don kasuwar nan ce tuwon gidajensu. Ya sa aka kira Jatau da Mati.

Ya dubi Jatau ya ce, "Sannu, mai kunne kamar faifai."

Jatau ya yi jifa da hula, ya ce a gaya masa laifinsa.

Ya dubi Mati. "Sannu, mai kai kamar ɗinkakkiyar ƙwarya."

Mati ya shafa sanƙonsa. "Ranka ya daɗe, ɗinkin ma ya fara warwarewa."

Barmo ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Tunku, ka yi gaskiya, da tsohuwar zuma ake magani. Mati ne zai je. Kai kuma Jatau, ɗauki hularka ka bi shi amshi, ka yi ta shan zambo har jininka ya yi kauri."