Ranar da Jamusawa Suka Yi Wa Safiatou Dukan Tebur

'Yan uwa, kwana biyun nan abin nan ya hana ni sakat.

Akwai wata maƙwabciyata a unguwar Al-Shifa, nan ƙasar Larabawa inda muke zaune, Biba, 'yar Maraɗi. Mijinta direba ne a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Ta wurinsa 'yarsu Safiatou ta san wata tsohuwar Bajamushiya, Farfesa Hedwig, wadda ta ƙarar da rayuwarta tana nazarin labarai da al'adun mutane. Biba dai ta kasa gane yadda karanta tatsuniya yake zama aiki.

Rannan Farfesa ta tara 'yan ƙasarsu, ta sa Safiatou ta yi musu bayanin tatsuniyoyin kakarta. Biba na zaune a baya.

Yarinya na rufe baki, ba wanda ya tafa. Sai suka dunƙule hannu, suka hau ƙwanƙwasa tebur.

Biba ta miƙe zumbur. "Halas, ya isa haka! Marasa kunya! In ba ta iya ba, sai ku kore ta kamar kaza?"

"Yumma, don Allah ki zauna," Safiatou ta ce wa uwarta, tana rufe fuska.

Farfesa ta taso ta kama hannun Biba, Safiatou na fassarawa. Wai a jami'o'insu wannan shi ne tafi. Farfesa ta ce ita ranar da ta fara magana gaban malamai ko tebur ɗaya bai yi ƙara ba. Daga wannan jami'a zuwa waccan ta yi ta yawo, sai da ta yi furfura ta samu kujerar farfesa. "Ki ba ni ita ta yi karatu a wurina, can ƙasarmu."

Kunya ta kama Biba kamar ta nutse. Tun ranar kuma ta rasa na yi. In yarinya ta tafi ta daɗe, iƙamarta, wato takardar izinin zamanta a nan, ta mutu, dawowa sai Allah. In ta hana ta, wa zai sake yi mata dukan tebur?

Jiya ta zo min da hawaye: "Maman Basiru, ya zan yi?" Ni da na tsaya a firamare, me na sani?

Darasi: Abin da ba ka sani ba, tambaya kafin ka ɗaga murya. Ku tura wa sauran iyaye. Amma don Allah ku faɗa min, me zan ce wa Biba, ta bar ta ta tafi?