Ɗan Birin da Aka Ɗaure a Gindin Gwaiba

Akwai wata mata mai ɗinki da suka gina gida ita da mijinta a wani ƙauye a gindin dutse. Gidansu ne na ƙarshe, daga katangarsu sai duwatsu da daji. Mijin direban tirela ne. Sai da suka shekara tara kafin Allah ya ba su haihuwa, shi ya sa suke kiran 'yarsu Kyauta. Shekarunta uku.

Tun da suka tare a gidan, birai suka saka su a gaba. Su tsinke gwaiba tun tana ɗanya, su kifar da kwandon shara, su yi wasa da shanya. Ranar da suka ɗauke hular direba daga kan igiya, ranar ransa ya gama ɓaci. Ya ɗana tarko a bayan gida.

Da safe sai ga ɗan biri a ciki, ɗan mitsitsi, ko yaye shi ba a yi ba. Ya sa igiya ya ɗaure shi a gindin gwaibar tsakar gida.

Kukan ne ya fito da maƙwabciyarsu, wata tsohuwa mai kiwon awaki da kowa ke kira Iya.

Ta ce, "Ɗan nan, sake shi. A dutsen nan aka haife ni. Biri ana korarsa, ana yi masa ihu, amma ba a taɓa masa ɗa."

Ya yi dariya. "Haba Iya! Ni da nake hawa dutsen nan da tirela, biri ne zai ba ni tsoro? Bari su gan shi a ɗaure, su shiga taitayinsu."

Matar ma ta roƙe shi. Ya ce kada wanda ya kwance sai ya dawo, ya ɗauki makullinsa ya fice.

Da hantsi matar tana kan keken ɗinki a baranda, sai ta lura kukan ya tsaya. Ta ɗaga kai. Birai ne jere a kan katanga, sun fi ashirin, ba mai motsi. Babbansu, wani ƙaton namiji, har ya diro cikin gidan.

Ga Kyauta zaune a gindin gwaiba, tana miƙa wa ɗan birin kofinta na ruwa.

Uwar ta miƙe zumbur. Ta buɗe baki za ta kurma ihu, sai ta ji muryar Iya ƙasa-ƙasa ta wajen ƙofa.

"Kul! Kada ki yi ihu, kada ki yi gudu. Me ke hannunki?"

"Almakashi, Iya."

"Ya isa. Sunkuya. Kada ki haɗa ido da babban. Kuma kada ki fara ɗaukar yarinyar, igiyar za ki fara yankewa."

"Iya, 'yata fa!"

"Ita ma uwar birin can ɗanta take nema. Tafi a hankali."

Ta tafi a durƙushe, idonta a ƙasa, duk addu'ar da ta zo bakinta tana yi. Tana jin numfashin ƙaton a gefenta. Ta shiga tsakaninsa da Kyauta, ta kamo igiyar. Ta roba ce, almakashin sai zamewa yake. A karo na huɗu ta tsinke.

Ɗan birin ya ruga. Uwarsa ta diro ta sure shi, ya maƙale a cikinta, ta haye katanga. Babban ya ɗan tsaya, ya buɗe baki ya nuna haƙora, sannan ya juya. Ɗaya bayan ɗaya suka koma dutse.

Sai a lokacin ta rungume Kyauta ta fashe da kuka. Yarinyar ma ta sa kuka, amma nata daban ne.

"Mama, kin kori ƙanina!"

Iya ta shigo tana dariya tana share ƙwalla. "Ke dai Allah ya shirye ki. Ƙaninki ya tafi gidansu."

Da yamma direba ya dawo ya ji abin da ya faru. Ya ɗaga Kyauta yana duba hannuwanta da ƙafafunta, ko ƙwarzane babu. Ya fasa tarkon, ya wuce gidan Iya ya durƙusa.

Ta ce, "Tashi. Ka sa wa sharar nan murfi, ka sa raga a taga, gwaibar gefen katanga kuma ka bar musu. Mun same su a nan, za mu bar su a nan."

Ya ce, "To, Iya. Hular ma na yafe musu."

Darasi: Idan ka koma zama inda dabbobin daji suka riga ka, ka saurari waɗanda suka daɗe a wurin. Ka kare gidanka da dabara, kada fushi ya sa ka zalunci dabba, domin wanda ka bari a gida shi zai fuskanci abin da ka jawo. Iyaye 'yan uwana, don Allah ku tura wa duk mai ƙananan yara kusa da daji.