Abin da Ya Fita Ƙofa

An yi wani kamfanin jimar fata da ruwan dattinsa ya malala ya ƙone albasar mutanen Rafin Kuka. Wata tsohuwa mai lambu, Ladingo, ta kai ƙara.

A gaban alƙali, manajan kamfanin ya ce, "Allah ya gafarta malam, duk abin da ya fita ƙofar kamfani ba namu ba ne."

Alƙali ya ce, "To Iya, kawo ruwan da ke ɗauke da hatimin kamfani, ko in kori ƙarar."

Ladingo ta ce, "Wa ya isa ya buga wa ruwa hatimi? Na haƙura. Amma manaja ya rubuta mini maganarsa ya sa hannu, kada mutanena su ce ban zo ba."

Manaja ya rattaba hannu yana murmushi.

Ta ƙulle takardar a bakin zane. "Madalla. Dama motarku shaƙe da fatu ta kafe a caɓin ruwan nan, bayan gidana. Bari mu je mu raba."

Manaja ya miƙe zumbur. "Ai kayanmu ne!"

"Ɗan nan, ba ƙofa ɗaya suka biyo da ruwan ba?"

Alƙali ya gyara zama. "Manaja, zaɓi ɗaya. Ko ka kwashe duka, ko ka bar duka."