Dunduniyar Jatau

A zamanin da jiragen gyaɗa ke hawa kogin Kwara, akwai wurin ƙera jirage a Tungar Baushe, bakin wani daji da dorina ta fi mutum yawa. A can aka yi Jatau Mai Kwalta, gwanin toshe jirgi, mutumin da bai iya zama ba. In an tashi aiki sai ya yi ta zaga rairayi da ƙwallon tsumma, har maƙera da kafintoci suka bi shi suka zama ƙungiya. Kirarinsa: guguwar bakin ruwa, tabarma ba ta san ka ba!

Shekarar da aka buɗe gasar lardi, lissafinta ya kuɓuce mini amma kogi ya cika, aka ce ƙungiyar da ba ta isa filin wasan da ke tsallaken kogi kafin la'asar ba, ba za a rubuta sunanta ba. Manajan wurin aikinsu ya hana su jirgi. Suka saci jiki zuwa wani sabo na katako da ba a gama toshewa ba.

"Ku tura," in ji Jatau. "Ma ƙarasa shi a hanya."

"Hanyar lahira?" in ji Tanko maƙeri. Amma shi ya fara sa kafaɗa.

A tsakiyar kogi katako ya tsage, ruwa ya yi tsiri, audugar toshiya kuma ta ƙare. Jatau ya cusa dunduniyarsa ta hagu a tsagar. Masu ba da labari sun ce kifi ya yi ta cizonta, bai motsa ba.

Suka isa. Gaɓar dutse ce, ba wurin jan jirgi.

"Taso, maigida, alkalin wasa ya hura usur!" in ji Tanko. "Bar shi ya nutse!"

"In ya nutse a kore mu duka daga aiki. Su wa za su buga baɗi? Ku tafi."

Suka buga su goma. Jatau na jiyo ihun 'yan kallo daga bayan dutse, ƙafar dama na harbin iska, ta hagu na cikin tsaga, har rana ta faɗi. An ci su huɗu, ko biyar ne. Amma an rubuta sunan. Ƙafar hagun ba ta ƙara miƙewa ba, bai taɓa buga wa ƙungiyarsa wasa ko ɗaya ba.

Har yau 'yan Tungar Baushe su goma suke fara wasa. Na sha ɗayan yana zaune a bakin fili, takalmin hagu a hannu, sai ƙwallo ta fita sannan ya shiga.