Hukuncin Alƙali Ɗayyabu a Kan Tashar Nukiliya

An yi wani sarki a ƙasar Tudun Marke, sunansa Zubairu, mai kwarjini da saurin fushi, wanda Allah ya ba shi yalwar jama'a, ya kuma jarrabe shi da ƙarancin wutar lantarki. Ruwan madatsa ya ja baya, injinan niƙa sun yi tsit, likitoci suna fiɗa da hasken tocila, har masu haihuwa suna mutuwa a hannunsu.

Sai wasu masana suka zo daga ƙetare, suka ce za su gina masa tashar nukiliya wadda za ta haskaka ƙasar baki ɗaya, illa dai tokar da take bari guba ce, dole a binne ta a yi ta gadinta har jikokin jikoki. Fada ta rabu biyu. Galadima ya dage sai an gina, ya ma riga ya zaɓi wuri, wani ƙauyen masunta nesa da birni. Madaki ya rantse ba za a gina ba muddin yana numfashi.

Da fitina ta kai barorinsu na zare wa juna wuƙa a kasuwa, Sarki ya kira Alƙali Ɗayyabu gaban majalisa, ya ce, "Malam, hukunci nake so yau, ba wa'azi ba. A gina ko kada a gina? In ka karkata don tsoro ko kwaɗayi, zan tuɓe maka rawani, ka bar ƙasata kafin la'asar."

Alƙali ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ban san ilmin nukiliya ba, amma na san al'adar rijiya. A ƙasar nan, wanda ya haƙa rijiya shi da iyalinsa suke fara shan ruwanta a gaban shaidu, kafin kowa ya jefa guga. Galadima ya ce babu haɗari, to ya kwashi iyalinsa ya tare jikin katangar tashar. Madaki ya ce a haƙura da duhu, to ya kashe janaretansa, iyalinsa su haihu inda talakawa suke haihuwa. Wanda ya yarda, maganarsa za a bi."

Nan take Galadima ya tuna sanyin kogi bai karɓi uwargidansa ba, Madaki kuma ya tuna maganinsa ba ya zama sai a firiji. Sarki ya yi dariya.

Alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, saura mutum ɗaya. Hatimin da za a buga ba na Galadima ba ne, ba kuma na Madaki ba."

Dariya ta ɗauke. Dogarai suka matso. Sarki ya ce, "'Ya'yana kake nufi?"

"Masunta ma suna da 'ya'ya, ranka ya daɗe, kuma ba wanda ya tambaye su."

Da ya faɗi haka sai ya fara kwance rawaninsa da kansa, alhali tsoro ya kama shi ƙwarai, ga tsufa, ga shi ba shi da wata ƙasa sai wannan.

Sarki ya dakatar da shi, kana ya ce, "Mayar da rawaninka, Malam. Ba za a aza tubali ba sai an nemi yardar masunta. In sun yarda, fada za ta koma can, a binne tokar a gandun sarauta. Janaretan fada kuwa, a kai shi asibiti yau." Ya yafa wa Alƙali alkyabbarsa, ya ce, "Na kuma ba ka gida, tsakanin nawa da katangar tashar."

Alƙali ya ga hukuncinsa ya hau kansa shi ma, ya faɗi ya yi godiya. Haka adalci yake: duk wanda ya yanke wa jama'a hukunci, shi ya kamata ya fara kwana a ƙarƙashinsa.